Ki Kira Shi

Fezzan, Maiduguri

'Yata Rahmat,

Assalamu alaikum. Wushe da karatu, wushe da zaman Kaduna. Ina fata kina lafiya, kuma ciwon haƙorin nan ya bar ki. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafin da ya sa ko inuwar dogon yaro ba ta da amfani. Gwiwata tana nan yadda kika san ta. Baffanku Ba'ana yana fama da hawan jininsa, yana kuma cin gishiri a ɓoye. Dzarma direba zai ba ki kwali, turaren wuta ne da humra na matan da kuke aiki tare. Takardar nan na cusa ta a ciki don ba zan yi wannan magana a waya ba. A gidan nan in na ɗaga waya har masu wanki a bayan katanga sai sun ji. Babanki da marigayi maigidana kakansu ɗaya, kuma a ɗakina kika yi firamare, don haka ba bare nake gaya wa ba.

Maganar yayanki ce. Ba Zayyad ba, babban.

Ya ajiye aikin koyarwa. Kin san shi yake koya wa 'yan ajin ƙarshe lissafi. To wai an zaɓi malamai za a tura su wani kwas Abuja, aka karanta sunaye babu nasa. Shi ke nan fa. Bai tambayi kowa ba, bai yi faɗa ba, ya rubuta takardar barin aiki ya dawo gida. Da Zayyad ya tambaye shi, cewa ya yi, "Dama na san haƙuri suke yi da ni." Hedimasta da kansa ya tako har gidan nan, ya ce ya hana shi tafiya ne saboda jarrabawa ta matso, kuma babu mai riƙe masa yaran in ba shi ba. Bawan Allah ya zauna a zaure har shayinsa ya huce. Wancan ya ƙi fitowa. Wai kunyar Ba'ana ce ta kawo mutumin, ba don yana buƙatarsa ba. Ki ji fa.

Sai maganar Mu'mina, yarinyar unguwar Ajilari da yake nema. Wayarta ta faɗa randa, ta yi kwanaki ba ta amsa shi ba. Kafin ta gyara, ya aika mata cewa ta nemi wanda ya dace da ita, shi ya gane. Me ya gane? Yarinya ta zo nan tana kuka, ni na rarrashe ta, shi yana ciki ya juya fuska ga bango.

Tun ƙaramar salla yake kwance. Wanka sai an yi da gaske, masallaci sai Ba'ana ya buga ƙofa. In na aiki Zayyad da burabisko, yadda kwanon ya tafi haka yake dawowa. An yi gwajin maleriya da taifod, babu. An yi rubutu ya sha, an yi tofi. Ba ya ihu, ba ya fisge-fisge, balle a ce iska ce. Mutum ne da ƙafa biyu da hannu biyu da digiri ya ga dama ya kwanta, ni kuma da gwiwa ɗaya da rabi ina tsaye kan garwashi tun asuba. Wallahi abin ya ishe ni, Rahmat. Wani lokaci ji nake kamar in ɗauki muciya in shiga ɗakin.

Tunda kin ce a ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa kike koyon jinya, na ce bari in tambaye ki. Ba cewa na yi ya taɓu ba, Allah ya kiyaye. Ki dai rubuto mini sunan maganin buɗe ciki ko na ƙarin jini mai ƙarfi, in sa a sayo. Kada ki gaya wa mahaifiyarki, kin san bakinta.

Uwarki,
Kaltum

*

Kaduna

Ya Kaltum,

Wa alaikumus salam. Kwali da takarda sun iso, na gode. Haƙorin an cire shi, na huta. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. A gaishe da Baffa Ba'ana, a kuma ɓoye masa gishirin. Humra tun a ranar aka wawashe ta.

Na karanta abin da kika rubuta game da Yaya Mikail, na sake karantawa. Ba zan aiko da sunan maganin ƙarin jini ba, don jininsa lafiya lau. Abin da kika kwatanta, kwanciya da ƙin abinci da barin duk abin da mutum yake so, a nan ciwon damuwa muke ce masa. Ciwo ne kamar hawan jinin Baffa. Ba lalaci ba ne, ba kuma hauka ba ne. Likita ne zai tabbatar, shi ya sa nake roƙo a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na hanyar Baga. Akwai magani, akwai kuma masu zama da mutum su yi ta magana da shi har ya warware.

Amma kalmar nan "dama" ita ta fi tsaya mini a rai. An koya mana cewa yaro tun yana ƙarami yakan yanke wa kansa hukunci a kan ko shi wane ne a wurin mutane. Wani ya ce ni abin so ne. Wani ya ce ni ba a buƙatata, ana dai haƙuri da ni. In ya girma da na biyun, duk abin da ya same shi da wannan yake fassara shi. Ke kika koya mini cewa kwalbar da aka fara zuba wa baƙar humra, ko an wanke ta an zuba fara, ƙamshin farko yana nan. To haka. Hedimasta bai karanta sunansa ba, ya ji ba a son sa. Mu'mina ta yi shiru, ya ji ba a son sa. Ko an kawo masa hujja har zaure ba za ta shiga ba, sai ya nemo mata wata fassarar. Mai irin wannan tunani ya fi saurin faɗawa ciwon damuwa in wani abu ya taɓa shi.

Ina tuna wata rana lokacin ina gidanki. Ya zo na ɗaya a ajinsu, ya tsaya a bakin kicin da takardar a hannu, ya daɗe a tsaye. Kina tuƙa tuwo, kika ce da ni, "Ce da wancan ya kai wa baffansa." Ana cikin haka Zayyad ya kifar da kwanon miya, kika bi shi da mara kina kiran sunansa kina dariya. Da muka fita Yaya Mikail ya ce mini, "Gara shi." A lokacin ban gane ba.

Ba laifi nake ɗora miki ba, wace ni. Na san dalili, kowa ya sani. Amma ban da asibiti ina roƙonki abu ɗaya. Ki kira shi, Ya Kaltum. Ba ta bakin Zayyad ba, ba ta bakin Baffa ba. Ke da bakinki ki kira shi, ko sau ɗaya ne.

'Yarki,
Rahmat

*

Fezzan

Rahmat,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. An yi yayyafi, sai ya ƙara mana zafi. Babu turare a wannan karon, itacen bai iso ba, takarda ce kawai.

Na bi shawararki, ga kuma abin da ta haifar. Ranar Juma'a da aka sauko masallaci na sa Ba'ana ya zauna a tsakar gida, na taka har ƙofar ɗakin da ƙafata, na ce, "Kai, fito." Da bakina, kamar yadda kika ce. Ya fito. Rigar jikinsa ta yi masa yawa sai ka ce aro ya yi. Ya durƙusa can nesa, ni kuwa na wanke shi tas. Na ce ubansa har ya koma ga Allah yana zuwa rumfar hula da zazzaɓi a jikinsa, bai taɓa kwanciya ba. Na ce ƙaninsa yana kallonsa. Na ce ga mutane nan cike da gari da suka baro gidajensu da gonakinsu da gudu, suka kwana a ajin makaranta, suka tashi suka nemi abinci, shi me aka yi masa? Ba'ana ya ƙara da nasa, da aya da hadisi.

Kin san abin da yayan naki ya ce? "Ku yi haƙuri. Na san na zame muku nauyi. Ba zai daɗe ba." Har na ji daɗi, na ce to magana ta shiga, zai koma aiki. Washegari sai ga Zayyad da kaya a hannu. Yayan nasa ya ba shi hulunansa kaf, har zannar da ubansu ya bar masa, da littattafai, da agogo. Wai ba ya buƙatarsu. Mai komawa aiki ne zai ba da hularsa? Da kai a buɗe zai shiga aji? Yanzu ko kunun da yake kurɓa ya daina. Ga amfanin kiran da kika ce a yi.

Maganar asibitin hanyar Baga kuwa ki bar ta. In aka gan shi a ƙofar nan sau ɗaya, wa zai ba shi 'ya a garin nan na Yerwa? Wa zai ba shi yara ya koyar? Ku masu karatu komai sai kun raɗa masa suna. Yaro ya yi zuciya, kun ce ciwo. Kuma ki daina kawo mini misali da kwalbata, na fi ki sanin yadda ake wanke ta.

Labarin takardar makaranta ban tuna shi ba. In ma an yi, me kike so in yi, guɗa?

Kaltum

*

Kaduna

Ya Kaltum,

Ina gaisuwa, ina fata gwiwa da sauƙi. Ki gafarce ni, yau gaisuwar gajera ce.

Na kira wayarki har na gaji, ba ki ɗauka ba. Na samu Zayyad. Na ce ya koma kwana ɗakin Yaya Mikail, kada a bar shi shi kaɗai ko da rana, a kuma kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Mutumin da ya ce "ba zai daɗe ba" sannan ya raba kayansa ba maganar aiki yake yi ba. Sallama yake yi muku. Na ga irinsa a nan, wasu an kawo su da wuri, wasu ba a kai ga kawo su ba. Kina tunanin wa zai ba shi 'ya, ni ina tunanin ko zai kai babbar salla.

Sannan ni ban ce ki tara masa taro ba. Na yi ta kwana-kwana ne saboda nauyinki da nake ji, yanzu zan faɗa a fili. Da na ce ki kira shi, sunansa nake nufi. Mikail. Tun da na yi wayo ban taɓa jin wannan suna a bakinki ba. Kai, wancan, yayanku, babban. A takardunki ma babu shi. Zayyad kuwa a wuni sai ki kira shi har muryarki ta dushe. Mu manya mun san kunyar ɗan fari ce. Yaro ƙarami bai san wannan ba. Abin da ya gani kawai shi ne akwai wanda uwa take kira, akwai wanda ba ta kira. A nan ya fara koyon "dama".

Haba, Ya Kaltum. Na ce a kira shi, aka kira shi aka karanto masa laifinsa a gaban baffansa. Wallahi na rasa haushin wa zan ji, naki ko nawa.

Rahmat

*

Kaduna

Ya Kaltum,

Gaisuwa da fatan alheri. Dzarma ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu rabbana. Ya ce kin ce babu saƙo. Zayyad kuma duk tambayar da na yi masa sai ya ce "da sauƙi", na kuwa san ke kika ce ya faɗi haka.

In fushi kike yi da ni ki yi, harshena ya yi tsawo. Amma ki zage ni a takarda in san ana raye. Ina zaune a aji ban san abin da ake cewa ba. In ban ji daga gare ki ba, zan bar jarrabawa in shigo motar Dzarma.

'Yarki, ko kin ƙi,
Rahmat

*

Fezzan

Rahmat,

Na amsa gaisuwarki. Muna raye. Kada ki kuskura ki bar jarrabawa, mai ajiye abin yi guda ɗaya ya ishe ni.

Zayyad yana kwana a ɗakin, abin da kika ce a kwashe na kwashe. Wannan na ji. Ɗaya maganar kuwa sai da na bari zuciyata ta sauka, don da a ranar na amsa miki da takardar ta ƙone a hannun Dzarma.

Ke yarinya ce. Yaron nan ɗan fari ne, kuma sunan uban mijina ne da shi. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Mu nongu muke ce mata, ba kuwa ado ba ce, da ita ake gane 'yar mutunci. So kike in buɗe baki a tsakar gida in kira sunan surukina kamar ina kiran akuya? Mutumin da ko takalminsa ban taɓa tsallakewa ba?

Ni ma 'yar fari ce. Uwata har ta rasu ba ta kira sunana ba, ba ta taɓa ɗaukata a gaban mutane ba. Na kwanta? Na raba kayana? A Dikwa kakata ce ta karɓe ni tun yaye. A ɗakinta nake kwana, ita take mini kitso, ta ɓoye mini dabino a ƙarƙashin matashi, ta yi ta mini kirari da sunana har maƙwabta su gaji. Na tashi lafiyata ƙalau, na yi aure, na riƙe gida, har ke na riƙe.

Kuma wai ba a son sa. Da ya yi ƙyanda, wa ya zauna a kansa har ido ya kumbura? In masu dubiya sun shigo ne nake juya baya, don haka ake yi. Tsokar da ta fi kowacce a tukunya, kwanon wa take shiga tun yana yaro? Duk jarrabawar da ya zauna, azumi nake yi. Ban taɓa faɗa ba, ba kuma a faɗa. In bai gani ba, makaho ne? Mutum da digirin lissafi ya kasa haɗa wannan.

Jiya na tsaya a ƙofarsa da kunu. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. "Kai" ce ta fito. Na ajiye kofin na dawo ina jin haushinki.

Kaltum

*

Kaduna

Ya Kaltum,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunki, ko da na faɗa ne. Sannu da ƙoƙari, sannu da gwiwa. Jarrabawa muna tsakiyarta.

Don Allah ki tuna abin da kika rubuta game da kakarki. Uwarki ta ja baya, kakarki ta matso. Haka abin yake tafiya, ɗaya ta yi kunya, ɗaya ta shagwaɓa yaro. Shi fa? Kakarsa ta wajen uba ta rasu kafin ya fara tafiya, mahaifiyarki tana Dikwa, ku kuna Fezzan babu tsohuwa a gidan. Rabin al'ada aka yi masa, rabin da ake ja baya. Mai yi masa kirari babu. Tsokar kuwa, wani ne yake kai masa kwanon, ina ya san hannun da ya zaɓa? Lokacin ƙyanda ba ya cikin hayyacinsa. Duk son da kika yi masa a inda ba zai gani ba kika yi shi, kuma kin iya ɓoyo, wannan kam na shaida.

Ban ce shi kaɗai ya kwantar da shi ba. Wani za a yi masa haka ya tashi garau. Shi dai da wannan tunanin ya tashi, ciwo ya zo ya same shi a kai. Kiran suna ma ba zai warkar da shi ba, in ba za ki iya ba na daina matsa miki. Asibiti ne ba zan daina ba, ko za ki cire ni daga 'ya'yanki. Na yi magana da wata ƙawata da take aiki a can, ta ce a zo ranar Litinin da safe. Na kira Baffa, ya yarda zai kai shi. Ke ki zauna a gida in idon mutane kike tsoro, amma ki bar shi ya tafi.

'Yarki,
Rahmat

*

Fezzan

'Yata Rahmat,

Assalamu alaikum. Ina fata an gama jarrabawa lafiya. Ga turare nan, kwalbar da na ɗaure da jan zare taki ce, kada ki sayar. Ruwa ya sauka sosai, lungunmu ya zama tafki.

An je. Ba don kin fi ni gaskiya ba, don na gaji da ganin kwano yana dawowa ne. Baffan naki da ya yi miki alkawari, ranar Litinin jininsa ya hau, ya kwanta da jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Shi ya ce gishiri ne, ni na ce ƙofar asibitin ce ba ya so a gan shi a ciki. Oho dai. Zayyad ya samo keke napep, na ja lafaya har hanci na shiga.

Wurin ba yadda nake zato yake ba. Ban ga mari ba, ban ga sarƙa ba. Mutane ne zaune a benci, har da wata da nake sayar wa humra, ta kau da kai na kau da kai. Zayyad ya tafi neman ƙawar taki, layi ya zo kanmu bai dawo ba. Mai yankan kati wata mata ce mai tabarau. Ta dube shi ta ce, "Sunan mara lafiya?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar ba da shi ake ba. Ta sake tambaya, ya ƙara sunkuyawa. Na waiga, babu Zayyad. Na ce, "Ɗana ne." Ta ce, "Mama, na gani, sunansa nake so." Na ce ɗan fari ne. Ta ce ita ma tana da ɗan fari, amma kwamfuta ba ta san wannan ba, ga mutane a bayanmu, in babu suna mu koma gefe mu jira.

Rahmat, na ga in muka koma gefe zai juya gida, kuma ba zan sake iya fito da shi ba. Sai na faɗa. A hankali na faɗa, ta ce ba ta ji ba, janareta yana ƙara. Na sake faɗa da ƙarfi har na kan benci suka juyo. Allah ya jiƙan surukina, ya yafe mini.

Shi ko motsi bai yi ba. Na ce a raina, to ga maganin Rahmat, an sha ba a ga komai ba.

Likita ya daɗe da shi, ni ina waje. Ya ce ciwon da kika faɗa ne, kada kuwa ki yi mini dariya. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce sai an yi makonni kafin su kama jiki, a ci gaba da kwana da shi. Zai kuma riƙa zuwa yana zama da wata mai magana da su, wai su bi tunanin nan ɗaya bayan ɗaya su ga wanne ne gaskiya. Ya ce kada a sake yi masa taro. Wannan na san daga inda ta fito.

A hanyar dawowa Zayyad yana gaba kusa da mai keke, mu biyu a baya. Keken yana ta faɗawa ramukan ruwa, ina riƙe da ledar magani. Bai dube ni ba, titi yake kallo. Sai na ji ya ce a hankali, da Kanuri, "Ashe kin san shi."

Na ce, "Na san me?"

Ya ce, "Sunan. Da ina yaro na ɗauka mantawa kike yi. Ina ta jira ki tambaye ni in gaya miki."

Me zan ce? Sunan da ba na ɗaga goshi daga sujada sai na faɗe shi a zuci. Haushi ya kama ni, na rasa na wa, na ja lafaya na rufe ido na yi kukana har muka iso Fezzan. Mai keke ya ɗauka mutuwa aka yi mana, ya yi mini gaisuwa.

Bai warke ba, yanzu haka yana kwance. Hannuna kuma har yau ya ƙi rubuta sunan, kada ki matsa mini. Amma ki tambayar mini malamanku, tunda komai sun sani, ki rubuto da wuri kada Dzarma ya dawo haka. Na ce da Zayyad daga gobe ni zan riƙa shiga da abincin. Sunan zan iya, na gwada a kicin ya fito. Abin da ake cewa bayansa ne ban sani ba.

Uwarki,
Kaltum